Kwaɗon Ganyen Dankali

"Aiki da godiya, sai dai kewar tsohuwar matata," in ji Harisu, yana karkaɗe siminti daga wandonsa a ƙofar ɗakinsu na unguwar Sersouf, can ƙasar waje inda yake ci-rani.

Kakarsa Laure, wadda ya ɗauko daga Damagaram don a duba mata ido, tana zaune tana tsinkar ganye cikin kwano.

"Wa ce tsohuwa? Ɗazu wani mai rawani ya tsaya kallona har ya yi tuntuɓe."

"Tsoro ya ji. Me ake dafa wa ango?"

"Kwaɗo. Kullum burodi, ka rame kamar muciya."

Harisu ya leƙa kwanon. Ganyen dankalin turawa ne, wanda ya yi tsiro ta shuka a tsohon bokiti. A gefe kuma ga wasu 'ya'yan dankalin da rana ta mayar kore shar.

"Kaka, kin ɗanɗana?"

"In riga miji ci? Ni ba marar kunya ba ce irinka."

Ya yi ajiyar zuciya. "Ashe gādona kike so!"

"Gādon me? Cebur da takalmi ƙafa ɗaya?"

Ya durƙusa gabanta. "Wannan ba dankalinmu na gida ba ne da ake cin ganyensa. Na turawa ganyensa guba ne, tsironsa ma haka. Wanda ya yi kore sosai ko ɗaci, zubarwa ake, dahuwa ba ta kashe dafin. Khamisu abokin aikina ya ci, sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti."

Laure ta janye hannunta daga kwanon a hankali.

"Idon bai nuna mini koren ba, Harisu. So na yi ka ci abin gida daga hannuna kafin..."

"Kafin ki ƙara aure? Ban sake ki ba, kuma ba ni da niyya."

Ya jawo wuƙa ya zauna kusa da ita, yana ware masu kyau yana ƙwaƙule tsiron.

"Gobe zan sayo zogale wurin 'yan Maraɗi. Ni in duba, ke ki kwaɗa."

"Kai da ba ka iya dafa ruwa ba?"

"Ai shi ya sa na auri mai furfura."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta kwance bakin zanenta, ta laluɓo tafin hannunsa ta danƙa masa dabino.

"Ungo, mummuna, yau kam ka kayar da ni. Amma in labarin nan ya kai Damagaram, ni zan sake ka."