Rigar Masaƙa a Kan Acaɓa

"Lafiya lau, ya aiki? Tarauni za ka kai ni," in ji matar, ta ɗare bayan babur.

Garba ya gane muryar nan take. Wata huɗu ke nan da rufe masaƙarsu. Gari na ta murnar soja sun koma bariki, shi kuwa bawan Allah yana acaɓa a ɓoye. Kullum sai ya saka shuɗiyar rigar kamfani ya fita da sassafe, don kada mahaifiyarsa ta sani hawan jininta ya tashi. Duk fasinjojin Gyadi-Gyadi kuma a rasa wadda za ta tare shi sai Hasana taubashiyarsa, wadda magana ba ta kwana a cikinta.

Ya ja hula, ya shaƙe murya. "Hajiya, ba can na nufa ba."

"Tafi can, bawana. Wannan ƙeyar taka mai kama da faranti, ko a tsakiyar kasuwar Kwari na hango ta na gane ta. Ja mu je."

Ya ja don dole. "Mashin ɗin abokina ne, gwadawa nake."

"Da rigar masaƙa? Yadi nawa ka saƙa daga shataletale zuwa nan?"

"Ke fa, sarauniyar tafireta? Na ji kwamfuta ta shigo ofis, an ce ki koma gida daka sakwara."

"Ni ai ban ɓoye ba, koyon kwamfutar ma zan fara. Kai kuwa shekara sha biyu kana saƙa atamfa, ko ƙyalle ban gani ba."

"Ta mutane ce, ba a yi ta bayi ba."

Da suka kusa Tarauni sai wasan ya fita daga ransa, tsoro ya kama shi. Ya rage gudu.

"Hasana, don girman Allah, kada Inna ta ji."

"Goggo? Ai ita ta ce in neme ka, wai kai ba ka gudu da mutane. Tun satin farko ta ji warin fetur a jikinka. Ta ce a ƙyale ka, kunya kake ji. Kullum ka fita sai ta roƙi Allah ya tsare ka daga motocin titin Zariya."

Idon Garba ya ciko. Can sai dariya ta ƙwace masa.

"Kin yi nasara, uwar ɗakina. Yau kyauta zan kai ki."

"Yau kaɗai? Har sai na iya kwamfuta."

"Shi ke nan, na shiga bauta har tsufa."