Ranar da Na Karanta Hoton Ƙirjin Baffa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na karanta hoton ƙirjin Baffa ba. Lokacin ina shekara ta biyu a karatun likita, ko ɗakin marasa lafiya ba a fara shiga da mu ba, amma a unguwarmu, Ƙofar Jatau, kowa Likita yake kirana. Ni kuwa amsawa nake, har da gyaran murya.

Baffa yayan babanmu ne, an gano yana da ciwon daji a huhu. Ya sha wahalar magani na watanni, sai aka sake ɗaukar hoton ƙirjinsa don a kwatanta da na farko, a ga ko ciwon ya ja baya ko ya ci gaba. Likitansa sai jibi zai duba. Gwaggo, matarsa, ta ce ita zuciyarta ba za ta kai jibi ba, a kira ni.

Na tarar da ɗakin Baffa cike da mata 'yan dubiya. Na zaro hotuna biyu daga ambulan, na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga su a hasken rana (yadda na ga manya suna yi, har da karkata kai). A tsohon, ga tabo ɗaya fari a huhun dama. A sabon kuwa, innalillahi! Wasu ƙwayoyi ne farare a jere, tun daga wuya har tsakiyar ƙirji.

Mai hankali shiru zai yi. Ni kuwa na sassauta murya na ce, "Gwaggo, sai haƙuri. Abin ya bazu." Har na fara ƙirga mata su da yatsa.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka, ɗaki ya ɗauki salati. Ni ma wallahi idona ya kawo ruwa, don ina ƙaunar tsohon nan.

Baffa yana jingine da matashi. Can ya ce, "Ɗana, miƙo in ga abin da zai kashe ni." Ya duba, ya sake dubawa, sai dariya ta sarƙe shi har da tari. Ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo carbinsa na dutse.

Ashe da shi a wuya aka ɗauki hoton. Mai ɗaukar hoton ya gani ya sake ɗaukar wani, Baffa kuma ya ce ba zai bar hotonsa a hannun mutane ba, ya haɗo duka. Na kirkin yana nan kwance cikin ambulan, ban ko zaro shi ba.

"Ci gaba da ƙirge, Likita," in ji shi, "duba min ko ɗaya ta ɓace."

Matan nan suka kwashe da dariya. Gwaggo, da hawaye shaɓe-shaɓe, ta jefe ni da mafici tana cewa, "Ja'iri, ka kusa tsinka min zuciya!" Kunya ta sa na fice da takalmi ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na wata baƙuwa, sai a zaure na lura.

Da ranar ta zo, likitansa ya jera hotunan na gaskiya ya ce tabon ya ragu sosai. Aka yi sadakar waina a gidan, aka aiko min da tawa har ɗaki, don na ƙi fitowa.

Yau na yi furfura a aikin nan. Amma duk wanda ya miƙo min hoton ƙirji, sai na zazzage ambulan ɗin kaf, na tambaye shi abin da ke wuyansa, kafin in sa matarsa takaba yana zaune.