Kwamfutar Malam Muhyiddin Ta Rasu, Saura Bakwai a Layi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata kunya da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Muhyiddin, malamin lissafi da kwamfuta a wata makarantar sakandare da ke nan Kontagora, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da ɗalibai na yanzu da na da, rasuwar kwamfutar makarantar, wadda babu wata sai ita, wadda kowa ya fi sani da Hajiya. Ta cika ranar Talata, ashirin da ɗaya ga Afrilu, 1998, daf da la'asar, bayan jinyar da ba ta kai wuni guda ba. Ta tafi ta bar ɗalibai bakwai 'yan ajin ƙarshe da Malam ya yi wa alkawarin za su zauna gabanta kafin su bar makaranta, layi bai kai kansu ba.

An haifi marigayiya a ƙasar waje, ta yi aikin ofis a can har ta gaji, sannan wani tsohon ɗalibi ya aiko da ita kyauta a 1994. Yara ne suka sa mata Hajiya, domin a duk makarantar, har da shugaba Malam Jinaidu, ita kaɗai ce ta taɓa shiga jirgin sama. Aka share mata tsohon sito, aka shimfiɗa darduma, aka toshe tagogi da kwali. Mai shiga wurinta sai ya cire takalma ya wanke hannu, mai tari kuwa ya yi abinsa a waje ya gama. Shi kansa Malam Muhyiddin, da ya yi kwas ɗin wata uku a Kaduna saboda ita, bai taɓa shiga ɗakin ba tare da ya yi sallama ba.

Shaidar da zai yi mata ta alheri ce. Idan ya danna maɓallinta, fankar da ke bayanta takan fara huci, huuu, sai ta ƙirga ƙwaƙwalwarta a hankali, ƙit-ƙit-ƙit, kamar tsohuwa tana jan carbi, sannan ta ce bip, sau ɗaya tak. Wannan bip ɗin shi ne lafiya lau ɗinta. Daga nan DOS ya karɓi aiki, wato babbar manhajar da Malam yake kira sarkin gida, domin shi ke tarbar umarni a bakin ƙofa, ya kai wa furosesa mai aiwatar da aikin, ya kuma san lungun da aka ajiye kowane fayil. Ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Ɗaya, wadda ake kira ram, da an ɗauke wuta ta manta duk abin da aka yi, shi ya sa ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Ɗayar kuwa babban faifai ne a cikin cikinta, abin da aka ba shi amana ko shekara nawa ne yana nan. Ba ta taɓa zagin ɗalibi ba. Iyakar fushinta ta rubuta cewa ba ta gane umarnin ba, ta tsaya tana ƙifta ido tana jiran a sake.

Abu guda ta rasa a duniya, shi ne 'yar'uwa. A bayanta akwai wata 'yar kafa da aka yi don waya ta shiga ta haɗa ta da wata kwamfutar, su riƙa gaisawa suna miƙa wa juna saƙo. Shekara huɗu kafar nan tana buɗe, ba abin da ya taɓa shigarta sai gizo-gizo. Idan Malam ya zo darasin yadda kwamfutoci ke haɗuwa, zaren saƙa yake ɗaurewa daga benci zuwa benci, ya sa mutum ɗaya a tsakiya yana karɓar takardu yana raba wa masu su. Yara su yi ta dariya, shi kuma ransa na wurin Hajiya da ke zaune ita kaɗai a ɗaki.

Ɗalibai arba'in da uku ne a ajin ƙarshe na bana. Tun farkon shekara Malam ya tsara musu layi bisa rajista, mutum biyu kowace Alhamis, minti ashirin-ashirin, idan an kawo wuta. Alhamis nawa aka yi ana zaune ana kallon ƙwan fitila, Allah kaɗai ya sani. Duk da haka talatin da shida sun samu, kowa ya rubuta sunansa ya gani a gilashi, wasu har da hawaye. Saura bakwai na ƙasan rajista. Ta ƙarshensu ita ce Zaituna, 'yar makiyaya daga Bobi, wadda ta haddace umarnin DOS kaf, ta san mazaunin kowane harafi a kibod, wato madannin rubutu, tun daga zanen allo, har ta kan gyara wa waɗanda suka riga suka shiga. Sau biyu ta roƙi a tsallake da ita, Malam ya ce layi layi ne. A lokacin yana ganin adalci ya yi.

Game da ciwon ajali, Malam Muhyiddin ba ya son a ɗora wa kowa, amma gaskiya sai an faɗe ta. Saƙo ya zo cewa manyan baƙi za su zo daga Minna su ga makarantar da ke da kwamfuta. Malam Jinaidu ya leƙa ɗakin ya ce bai dace baƙi su tarar da Hajiya tsirara ba, alhali ko rediyon gidansa yana da riga. Malama Salome mai koyar da ɗinki ta ɗauki aikin. Mako uku ta yi tana ɗinka rigar karan-miski, ta yi mata shafi da soso, ta zana sunan makaranta da zare mai ruwan zinare. Rigar ta zauna ɗas. Ta bar ƙofa a wurin maɓalli, ta bar wata a bakin da ake sa faifai, ta bar ta wayoyi. Wurin fanka ne kawai ba ta bari ba, domin ba wanda ya gaya mata ƙarfe ma yana numfashi.

Malam Muhyiddin ya gani. Shi da bakinsa yake koya wa yara kowace shekara cewa zafi shi ne babban maƙiyin furosesa, har tambaya yake yi a kai a jarrabawa. Amma Malama Salome tana tsaye tana murmushi, yatsunta duk sukar allura, Malam Jinaidu kuma sa'an mahaifinsa ne, yana ta sa albarka. Malam bai so ya ɓata musu rai ba. Ya ce a ransa baƙi ƙarfe goma za su zo, rabin awa ba za ta kashe kowa ba.

Aka kunna ta tun ƙarfe tara da janareta na aro, tana ta rubuta barka da zuwa daga sama har ƙasa. Goma ta yi, sha biyu ta yi, aka yi azahar aka dawo. Kowa ya san zafin ranar Afrilu a garin nan, ga tagogi a toshe. Sau uku Malam ya miƙe zai kashe ta, sau uku aka ce ga ƙarar mota nan, a bar ta. Ya ji hucinta ya canza, ya koma gurnani, daga baya ya koma wani siririn kuka, iiii, wanda bai taɓa ji ba. Sai ƙauri ya tashi, gilashi ya yi baƙi. Baƙin ba su zo ba ranar, ba su kuma zo ba har yau.

An kira Andarawus mai gyaran rediyo da talabijin na bakin kasuwa. Ya kwance ta, ya sunkuya ya sansana, ya mayar da murfi a hankali. "Malam, ka yi haƙuri," ya ce. "Wannan ba ciwo ba ne, ta riga ta dahu." Ya ce ko a Kaduna da wuya a sami kayan irinta, ta tsufa. An rubuta takarda zuwa sama ana neman wata, kuma duk wanda ya taɓa rubuta irin wannan takardar ya san tsawon jiranta.

Marigayiya ta rasu ta bar monita ɗaya, wato gilashin nata, lafiyarsa ƙalau amma ba shi da abin nunawa. Da kibod mai maƙalewar harafi biyu. Da firinta da ribbonta, wato ƙyallen tawadarta, ya bushe tun bara. Da faifan fulofi goma sha ɗaya, marayu, ba mai iya karanta abin da ke cikinsu. Ta bar Malama Salome, wadda tun ranar ba ta shiga ɗakin malamai ba, kuma Malam yana roƙon a isar mata cewa laifin ba nata ba ne. Ta bar rigar, ko ƙonewa ba ta yi ba.

Washegarin rasuwar Zaituna ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta gaishe shi, ta yi masa gaisuwar rashi kamar yadda ake yi wa wanda ya rasa mutum. Sannan ta ce, "Malam, mu kuma fa?" Jarrabawar fita saura mako uku, daga nan kowa ya kama hanyar garinsu, kuma daga Bobi har Salka ba wanda ya san inda wata kwamfutar take. A shekara goma sha shida da Malam ya yi yana koyarwa, wannan ce tambayar da ta fi ƙona masa rai.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a lokacin darasinta. Malamin addini ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka ba za a yi ba. Za a buɗe cikinta a kan teburin aji, kowa ya zo ya ga ram da furosesa da babban faifai da idonsa, tun da ba abin da za a ƙara ɓatawa. Daga nan za a rufe ta a kai ta makwancinta a sabon sito, kusa da karyayyun kujeru. Ba a buƙatar tabarmi, ba kuma za a yi zaman makoki ba. Malam Muhyiddin yana roƙon alfarma ɗaya wurin jama'a, kada kowa ya sa hannu wajen ɗaukar gawa. An bar wannan ga mutum bakwai ɗin nan, Zaituna ce za ta kama gaba, domin su ma in an tambaye su a garinsu su ce sun taɓa kwamfuta, ba su yi ƙarya ba.