Ranar Da Na Cire Takalmi A Gaban Madam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙafafuna shaida a gaban jama'a ba.

Ina aiki a wani farmasi, wato shagon sayar da magani, a Tawa. Shekara biyu na yi ina haɗa man maganin faso daga man kaɗe, man aduwa da wani ganye da gwaggona ta Bambeye ta nuna mini. Da na ji wata masaniyar doka za ta zo daga Yamai ta yi bayanin burebe, wato takardar da ke hana a kwaikwayi abin da mutum ya ƙirƙira, sai na kasa zaune na kasa tsaye. (Har launin kwalin na zaɓa, da hotona a jiki.)

Na san za a nemi hujja, sai na yi dabara: wata guda cur ina shafa wa ƙafar dama kaɗai, na bar ta hagu. Ɗoki bai bar ni na tsaya na duba su da kyau ba.

A zauren taro Madam masaniyar dokar ta ce sabunta kaɗai ba ta isa ba, dole ka nuna maganin yana yin aikin da ka ce. Kafin ta rufe baki na miƙe.

"Madam, hujjata tana jikina! Guda na shafa, guda ban shafa ba."

Na tuɓe takalmi, na zauna, na ɗora dugadugaina kan benci. Ta gyara tabarau ta duƙa.

"Madalla! Wagga ta hagu ta yi sumul. Ku dubi ta dama yadda ta tsattsage!"

Zaure ya ɗauki tafi. Madam ta ɗago kai ta tambaye ni:

"Kwana nawa kika yi kina shafa mata?"

Da wata ƴar siririyar murya na ce, "Ta dama nike shafawa."

Can wani dattijo mai maganin gargajiya daga Kalfu ya ce, "To ɗiyata, ki nemi takardar rashin shafawa mana." Har Madam sai da ta riƙe tebur don dariya.

Bayan taro ta ja ni gefe, ta ce a fara da gwajin laburatuwar, wato ɗakin binciken magani, a gwada kan mutane da yawa, a rubuta komai. Na bi shawararta, ina kan aikin har yau. Amma na koyi darasi: kafin ka kira shaida, ka fara jin abin da zai faɗa a gida.