Baƙon da Ya Sauka a Fadama

A wani daji akwai wata fadama da barci ya fi daɗi a cikinta fiye da ko'ina. Kogi na bi ta gefenta yana 'yan guna-guni kamar tsohuwa mai lallashin jika, furen bado na lilo a bakin gaɓa, iska kuwa ko da rana tsaka sanyi gare ta. Dabbobin wurin ba su cika tunanin gobe ba, ni ma da a can nake, da wuya in yi.

Wata bushiya mai suna Kuluwa ta haihu a raminta da ke gindin gaɓa, 'ya'yan ko ido ba su buɗe ba. Da damina ta yi nisa sai ta ji ƙasar ɗakinta ta fara danshi, muryar kogin kuma ta yi kauri. Tsoro ya kama ta. Ta tafi majalisa, wadda ke zama a inuwar ɗorawa bayan an ci an ƙoshi, ta roƙi a ba ta wuri a kan tudu kafin ambaliya ta zo.

Kalmar ta farkar da masu gyangyaɗi. Kwaɗo ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ruwa ya cuci kowa ba. Hasbiya ta ce daga reshen da take kwana kogin bai fi zare kauri ba. Sannan Zalɓe, shugaban majalisa, ya gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, ya ce:

"Kuluwa, 'yar'uwa, mun ji kukanki. Amma kalmar nan da kika faɗa tana da nauyi, tana hana yara barci, tana ɓata wa fadama suna. Kogin nan maƙwabcinmu ne tun kaka da kakanni, maƙwabci kuwa in ya tako zuwa ƙofarki ai baƙo ne. Daga yau haka za a riƙa kiransa. Kuma ki kwantar da hankalinki, na shiga da safen nan, ko gwiwata bai kai ba."

Aka yi na'am, aka koma gyangyaɗi. Ba wanda ya tuna cewa gwiwar Zalɓe ta fi rufin ɗakin Kuluwa tsawo.

To, a fadamar nan babu abin kunya kamar a ce baƙo na tafe ka rufe gida ka fice. Da yamma Kuluwa ta ɗauko ɗa guda a baki ta nufi tudu, sai wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Ina zuwa haka, Kuluwa, ga baƙo a hanya?" Ta tsaya, ta ji duk idanun unguwa a kanta. Kunya ta mayar da ita rami.

Washegari baƙon ya iso da hantsi, ba sallama, ba hayaniya. Sai ka ce sama ce ta sauko ta kwanta a ƙasa: gajimare na yawo tsakanin ciyayi, bado ya taho har ƙofar gidaje. Waɗanda ke bisa itatuwa suka yi ta kallo, suna cewa fadama ba ta taɓa yin kyau irin na yau ba. Kuluwa kuwa tana ta jigila, ɗa ɗaya a baki, don bushiya ba ta goyo. Ta kai biyu tudu. Da ta sake komowa ɗaukar sauran ba ta ga ƙofar raminta ba, sai ruwa shimfiɗe, shiru. Ta yi ta kira har muryarta ta dushe.

Da ruwa ya janye, majalisa ta zauna, aka yi wa Kuluwa ta'aziyya yadda ya kamata. Kwaɗo ya ce ƙaddara ce. Hasbiya ta ce ita ba ta son tada magana a ranar makoki, amma an ga mai gida tana fita da gudu ko sannu da zuwa ba ta yi ba. Zalɓe ya roƙi a yafe mata. Aka tashi kowa na hamdala cewa fadama ta fita kunyar baƙonta, tunda bai koma hannu rabbana ba.