Gawar Ƙaiƙayi

Zamanin da nake rubuta littattafan ban tsoro, ni a dole ga marubuci mai bincike. Don in ga yadda gawa ke tafiya a ruwa, na naɗe buhun ƙaiƙayi da farin zanen gadonmu, na jefa a kanal ɗin ban-ruwa na Kura. Ina biye da gawar tawa ina murmushi, har ta toshe ƙofar ruwan Malam Sale mai tumatir.

Manoma suka kewaye ni, kowa da fartanyarsa.

"Wa ka kashe?" in ji Malam Sale.

"Bincike nake yi, Baba."

"Da likkafani?"

Sai da aka kwance ta gaban dagaci suka sake ni. Har yau in na gifta, sai su sunkuyar da kai: "Malam, ya ƙarin haƙuri?"