Tabar Kaka a Kwalbar Iyatu

"Lafiya lau, angona. Ya tari? Na ji an ce har ƙauyen Azuba aka jiyo ka jiya, mutane suka ɗauka jirgin kaya ne ya shigo tasha."

"Tari yana gaishe ki. Ke ya muni? Na ga kamar ya ƙaru da safen nan."

Dijatu ce ke gaida kakanmu, Malam Kalilu, a tsakar gidansa da ke unguwar Bukan Sidi a garin Lafiya. Ni ina gindin mangwaro ina ɓare agushi, na zo hutu daga jami'a a bazarar 1985. Ban taɓa iya wasan jika da kaka ba. In ya ce mini amarya, sunkuyar da kai nake yi. Dijatu, ɗiyar ƙanin babana, wadda ke koyarwa a firamare kuma take zaune a gidan tana kula da shi, ita ta ɗauke mana wannan aikin gaba ɗaya.

Ranar ce ake jiran Baba Iorliam, wani tsohon Tibi da suka yi aikin reluwe tare shekara talatin. Duk shekara kafin ruwan farko yakan taso daga gonarsa a bayan Doma da ƙunshin tabar lofe da ya noma da hannunsa. Amma yana da sharaɗi. Sai an fito masa da ragowar ta bara ya murza a yatsa. In da laushinta, ya ajiye sabon ƙunshi. In ta bushe ta koma gari, ya koma da abinsa. Ya taɓa yin hakan sau ɗaya, shekarar da kakarmu Iyatu ta daɗe a Jos wajen jegon autarta, domin ita ce mai ajiyar. Iyatu ta rasu da daminar da ta wuce. Tabar da Kaka ke sha kullum kuma ta ƙare mako biyu ke nan, lofen banza yake tsotsa. Abin da ya rage sai ɗan dunƙulen da ya ware don gwajin.

"Amarya, ina gwangwanin madarar da na sa a kan taga?"

"Wanne? Mai murfin takarda?"

"Kin san shi ke nan."

"Na zuba wa kaji ruwa a ciki. Sun ce a gode maka."

Kaka ya cire lofen daga baki. "Abin da ke ciki fa?"

"Abin da ka ɗora a taga, ƙarƙashin rufin kwano, a zafin Lafiya? Ai ko kifi aka sa a wurin, kwana biyu ya zama banda. Kai soya ta ka yi niyya ko ajiya?"

"Ina ajiye taba tun ba a haifi ubanki ba."

"Kana shan ta dai. Iyatu ke ajiyewa. Kai ko hularka ba ka san inda take kwana ba."

"Ji bakin. Ni da na riƙe makullan tasha guda."

"Shi ya sa jirgi bai taɓa zuwa a kan lokaci ba."

"Na sake ki."

"Na goma sha ɗaya ke nan a watan nan. Wa zai dama maka kunu? Wa zai aure ka da haƙora huɗu, biyu ma suna gaba da juna?"

"'Yan mata na layi a bakin kasuwa saboda ni."

"Layin kananzir ne, tsoho. Ka je ka tsaya a gabansu ne kawai."

Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari, amma idonsa na kan ƙofar gida. Na lura tun safe ya sa wankakkiyar rigarsa, ya kuma sa an share inda suke shimfiɗa tabarma.

"Dijatu, bar wasa. Mutumin nan zai iso kafin azahar. In ya koma da ƙunshin nan, shekara guda zan yi ina tsotsar itace. Kuma duk ƙauyensu sai sun ji cewa Iyatu na tafiya Kalilu ya kasa riƙe ɗan dunƙulen taba."

"To ka roƙe ni."

"In roƙi matata?"

"Ka sake ni yanzun nan. Baƙuwa ce ni."

"Na mayar da ke."

"Ban ji ba. Da wane baki?"

"Da mai haƙora huɗun."

Ta tashi tana rangwaɗa ta nufi rumfar da randa take. Ta durƙusa, ta tone yashin da ke gindinta, wanda kullum yake jiƙe, ta zaro wata kwalba mai faɗin baki. Ta goge ta da gefen zane ta kawo masa da hannu biyu, har da rusunawa irin ta tsokana.

"Wata huɗu tana nan. Ba rana, ba iska, ga sanyi. Na sa yankin dankali a ciki don kada ta bushe, duk Juma'a in canja shi kada ya yi funfuna. Iyatu ganyen ayaba take naɗe ta da shi, tana canjawa duk kwana uku. Ni ina da yara sittin a aji, ba ni da lokacin bin ayaba."

Kaka ya murɗe murfin da ƙyar. Ya tsoma yatsa biyu ya murza, tabar ta lanƙwashe ba ta karye ba. Fuskarsa ta fara sakewa. Sai ya kai kwalbar hanci.

Ya janye ta. Ya sake kaiwa.

"Wannan mene ne?"

"Taba."

"Tabar gidan biki? Ke, humra ce nake ji."

"Kwalbar humra ce. Ita kaɗai ce a gidan nan murfinta ke kamawa gam. Sau uku na wanke ta, da sabulu, da toka, da ruwan zafi."

"Sau uku, amma tana ƙamshi kamar ɗakin amarya ranar buɗar kai. Ni zan zauna a ƙofar gida, da furfurata, hayaƙin humra na fita ta hancina?"

"Ai gyara ka na yi. A da warin tsohuwar tukunya kake yi. Yanzu ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya sauka a kanka."

"In shiga sahu a masallaci liman ya waiwayo ya ce wace ce ta shigo cikin maza?"

"Ka ce masa kai ne, ka yi sabon aure. Zai taya ka murna, ya kuma ji tausayina."

"Iorliam zai yi mini dariya har Doma."

"Sharaɗinsa laushi ne. Ka taɓa jin ya ce ƙamshi?"

"Mutumin da ke gane gonar da aka noma taba da hancinsa? Huseina, ke da kika je jami'a, gaya mata. A wane littafi aka ce a haɗa taba da turaren mata?"

Na ce ban kai wannan shafin ba tukuna, na ci gaba da ɓare agushina.

"Kin gani? Wannan ita ce matar kirki. Ita zan riƙe."

"Riƙe ta. Kwana tara ya rage ta koma makaranta, ka ga mai ba ka ruwan alwala."

Ya juya kwalbar a hannunsa yana neman abin da zai ƙara faɗa. A wuyanta akwai wani jan zare da aka ɗaura tun tuni, ya koɗe. Ya tsaya a kansa da babban yatsa.

"A ina kika samo ta?"

"A akwatin Iyatu," in ji Dijatu. Wannan karon ba da wasa ta faɗa ba.

Ya ɗebi kaɗan ya cusa a lofen, ya danna, ya ƙyasta ashana. Hayaƙin ya taso a hankali ya bi ta ƙarƙashin mangwaro ya iso inda nake. Ƙamshin da ke tashi ne in Iyatu ta wuce za ta gidan suna, mayafinta a kafaɗa, tana faɗa wa kowa abin da zai yi kafin ta dawo. Na bar ɓare agushin.

Muna haka aka yi sallama. Baba Iorliam ya shigo yana tura tsohon kekensa, an ɗaure ƙunshi a baya da igiyar roba.

"Kalilu, kai bai mutu ba har yanzu?"

"Ina jiran ka riga ni, ka share mini wuri."

Suka tafa, suka zauna. Bayan ya sha ruwa ya yi wa Kaka ta'aziyya karo na biyu, ko da yake ya zo lokacin rasuwar, sai ya miƙa tafin hannu. Kaka ya ɗora masa kwalbar yana kallon wani wuri.

Baba Iorliam ya murza tabar. Ya gyaɗa kai. Ya sunsuna, ya ɗaga gira, ya sake sunsunawa, ya daɗe.

"Wannan ba kai ya ajiye ba."

"Wa ya ce?"

"Kai gwangwani ka sani. Wannan hannun mace ne. Kuma ni na san wannan ƙamshi. Shekara nawa Mama Iyatu yana kawo mini ruwa a wannan wuri." Ya rufe kwalbar a hankali. "Wa ya yi?"

"Wata mummuna ce da nake haƙuri da ita."

Dijatu ta ce, "Ga ni, Baba. Ni ce mai haƙurin."

Baƙon ya tashi ya kwance ƙunshin daga keke. Kaka ya miƙa hannu biyu. Baba Iorliam ya zagaye shi ya ajiye a gaban Dijatu.

"Na ba wanda ya iya. In ya yi hankali, ki ba shi kaɗan kaɗan."

"Ka ji ko, angona? Daga yau sai ka gaishe ni da safe kafin ka ga hayaƙi."

"A gidana?"

"A gidanka. Da rusunawa."

Kaka ya dubi abokinsa, ya dube ta, sai ya fashe da dariya har hularsa ta zame. Ya laluba aljihu ya fito da farin goro guda, wanda na san don baƙonsa ya saya, ya jefa mata a cinya.

"Na sallama, amarya. Kin ci. Ki zuba sabuwar ma a ciki."

"Duka ba za ta shiga ba. Kuma bari in sake wanke ta tukuna, kada liman ya kore ka daga sahu."

Ta kai hannu za ta ɗauka. Ya riga ta, ya dafe murfin.

"Liman ya yi haƙuri," in ji shi. "Kada ki ƙara wanke ta."